Lambar Ƙanena a Cikin Inji

Ƙanena ya dawo gida da tari a farkon damina, a shekarar da ake shirin mayar da mulki hannun farar hula. Motar haya ce ta sauke shi a ƙofar gidana a Gaya, da akwatin ƙarfe da katifa a naɗe. Likitan birni ya ce tarin fuka ne, ya rubuta masa allura, ya ce ya koma inda za a kula da shi. A wurin aikinsu an ba shi hutun rashin lafiya, amma ba a faɗi ranar da hutun zai ƙare ba. Wannan rashin ranar ya fi tarin hana shi sakewa.

Ni na riƙe shi tun yana ƙarami. Mahaifinmu ya rasu a garinmu Toranke ba da daɗewa ba bayan an ɗauke ni aikin buga tafireta a ofishin En'e, hukumar gargajiya ta lokacin. Karatuna a firamare ya tsaya. Shi kuwa yana da kai, ya wuce sakandare, daga nan wata ma'aikata a birnin Kano ta ɗauke shi ta koya masa aiki da injin da ake kira kwamfuta. A lokacin ba wanda ya taɓa ganin irinsa a wajenmu. Idan mata suka tambayi Inna, mahaifiyarmu, aikin me autanta yake yi, sai ta ce akawu ne, a wuce wurin.

Na ba shi ɗakin da ke kusa da zaure, don ya fi samun iska, kuma daga gidana zuwa wurin allura ba nisa. Inna ta baro Toranke ta tare wajenmu don jinya.

Mutane suka yi ta zuwa dubiya, daga Balan, daga Gafasa, har da waɗanda ba su san shi sosai ba. Kowa ya zauna sai ya ce, "Ai jiki ya yi kyau." Mai allura ya ce da sauƙi. Liman ya ce da sauƙi. Ni ma haka nake cewa, ina kallon agogon hannunsa yana sauka zuwa gwiwar hannu. Haka muka tashi muka ga ana yi, ba a faɗa wa marar lafiya abin da zai karya masa zuciya, ba a kuma faɗa wa danginsa. Shi dai sai ya dubi mutum kawai.

Wajen tsakiyar damina wani abokin aikinsa ya zo daga birni da lemo a cikin jaka. Mutum ne mai fara'a, ya yi ta ba shi labarin ofis yana sa shi dariya har tari ya sarƙe shi. Da zai tafi ya ce, "Shugaba yana gaishe ka. Ya ce kujerarka tana nan tana jiranka, kada ka sa komai a ranka."

Na raka shi tasha na dawo, na tarar da ƙanena a zaune ya jingina da bango.

"Yaya, ka ga inda yake kallo da ya faɗi maganar kujera?"

Na ce ban lura ba.

"Takalminsa yake kallo."

Na ce masa mutum ya taso tun daga birni saboda shi, bai kamata ya bi shi da zargi ba. Ya ce ba zarginsa yake yi ba, kara ce ya yi masa, kuma ko shugaban nasu na je na tambaya, irin amsar da zan samu ke nan. Sannan ya ce akwai guda ɗaya a ofishin da bai iya kara ba, wato injin.

Ya yi mini bayani a hankali, yana tsayawa yana numfashi. Kowane ma'aikaci yana da lambarsa a cikin injin, da wata kalma ta sirri da shi kaɗai ya sani. Bayan wannan lambar akwai wurin da ake ajiye ayyukan mutum, kamar rumbunsa. Cikin injin ba shi da yalwa, saboda haka idan mutum ya bar aiki ba a barin kayansa su tare wuri, sai a share a ba wani.

"In kayana suna nan, ina da aiki. In ba sa nan, shi ke nan. Kai za ka je ka dubo mini."

Na ce, "Ni? Ko ganinsa ban taɓa yi ba."

"Ai ka iya buga tafireta. Sauran ni zan koya maka."

Ina da wata tsohuwar tafireta tawa ta kaina da na saya a gwanjo, wadda nake buga wa mutane takardun neman aiki da ita ranar da babu ofis. Ita muka ɗora a kan akwatinsa. Ya dube ta ya ce maɓallai biyu sun yi ƙaranci. Ya sa matata ta kawo murafun kwalba biyu da ɗan ƙaro, ya liƙa ɗaya a hagu kusa da harafin A, ɗaya a dama. Na hagu ya ce sunansa CTRL, ba ya yin komai shi kaɗai, sai an danne shi an haɗa da wani harafi. Na dama RETURN, shi ake dannawa idan an gama rubuta umarni, in ba haka ba injin ba zai san ka gama magana ba, zai yi ta jira har a tashi daga aiki.

Kullum idan na dawo daga ofis na yi la'asar sai mu zauna. Ni a gaban tafireta, shi a kan katifa, shi ne injin. Da farko in buga LOGIN da lambarsa. Sai ya ce, "Na tambaye ka kalmar sirri." In buga. Ya gargaɗe ni cewa a can ba zan ga kalmar tana fitowa ba, kada in ɗauka bai ji ba in sake bugawa. Idan komai ya yi daidai, sai ɗigo ya fito a farkon layi, alamar ya buɗe, yana saurarona. Daga nan in buga DIR, shi ne umarnin da ke sa ya jero sunayen duk abin da ke ajiye.

Sunayen ba su da wuyar riƙewa. Injin ba ya karɓar suna mai tsawo, kuma shi da ya gaji da sunayen Turanci sai ya riƙa sa wa ayyukansa sunayen garuruwanmu. Akwai GAFASA, akwai BALAN. Toranke ta yi wa injin tsawo, sai ya yanke mata wutsiya ta zama TORANK.

Inna ta ji wannan daga bakin ƙofa ta ce, "Garin ubanka ka guntule?"

Ya ce, "Inna, ba ni ba ne, dokar wurin ce."

"To Allah ya kyauta. Wurin da ba ya ɗaukar sunan gari, ina zai ɗauki mutum?"

Hannuna ya ba shi wahala. Shekara da shekaru ina buga takarda da kabon a ƙarƙashi, na saba dukan maɓalli da ƙarfi don rubutu ya ratsa har kwafin ƙarshe. Kuma da na kai ƙarshen layi sai hannun hagu ya tashi da kansa ya nemi ƙarfen da ake turawa a mayar da takarda.

"Yaya, ina za ka? Can babu wannan ƙarfen. In ka kai hannu haka sai ka mari gilashin injin mutane."

"To ba sai in ba shi haƙuri ba?"

"Ba ya karɓa. Kuma ka rage duka, ba sussukar gero kake yi ba."

Ya koya mini abin da zan yi idan na yi kuskure. A ofishinmu idan ka ɓata layi sai ka nemi magogi, ko ka zare takardar ka sake. A can, in dai ba ka danna RETURN ba, sai ka danne CTRL ka taɓa U, layin duka ya tafi kamar ba ka rubuta ba. Idan rubutu yana gudu da sauri har ba ka iya karantawa, CTRL da S zai tsayar da shi, CTRL da Q ya sake shi ya ci gaba. Idan ka rikice gaba ɗaya, ka rasa inda kake, CTRL da C, sai ya bar duk abin da yake yi ya dawo maka da ɗigo. Akwai TYPE, wanda ke buɗe abu ya nuna abin da ke cikinsa, ya ce ba lallai in buƙace shi ba amma in sani. Akwai DELETE. Wannan bai bari na buga ko sau ɗaya ba, ko a tafireta. Ya ce in san kamanninsa kawai don in kauce masa, domin ba ya tambayarka ko ka tabbata. Na ƙarshe LOGOUT, kada in tashi daga kujera ban buga shi ba, barin lamba a buɗe kamar barin gida ne ba a rufe ba.

Wani lokaci yakan gwada ni. Ina cikin bugawa sai ya fara karanto sunaye da sauri da sauri, ba tsayawa, sai na danne murfin kwalba da S sannan ya yi shiru. Ran nan na manta, ya yi ta jerowa har numfashi ya ƙare masa, tari ya kama shi, Inna ta shigo da kwano. Da za ta fita na ga jini a cikin kwanon. Na ce mu bari sai gobe. Ya ce a'a, mu koma daga LOGIN.

Ba zan ɓoye ba, waɗannan lokutan na yamma su ne kawai lokacin da nake ganin ƙanena kamar da. Yana gyara mini, yana tsokanata, idonsa a buɗe. Shi ya sa na yi ta jan lokaci. Na ce ban ƙware ba tukuna. Na ce aiki ya yi yawa a ofis. Gero ya fitar da kai, ya nuna, aka fara girbi, ban tafi ba. Ya bar ni har ranar da na bi komai daga farko zuwa ƙarshe ba tare da ya ce uffan ba. Sai ya ce, "Jibi Talata. Ka nemi izini."

Da safen da zan tafi Inna ta biyo ni zaure.

"Me za ka je ka ɗebo mana?"

Na ce shi ya aike ni.

"Na sani. Duk abin da ka gani, ka dawo da alheri a bakinka. Ka ji ko?"

Na ce na ji.

Na shiga mota ta Wudil, na isa birni da hantsi. Abokin nasa ya yi mamakin ganina, ya karɓe ni hannu biyu, ya kai ni wajen shugabansu. Shugaban ya miƙe ya ba ni hannu, ya tambayi jikin, ya ce kullum suna yi masa addu'a, yaro ne mai hazaƙa, ba su da kamarsa. Ya sa aka kawo mini lemon kwalba. Ban tambaye shi komai ba, shi ma bai ƙara komai ba.

Da muka fito na gaya wa abokin abin da ya kawo ni. Ya ce ai ba a barin baƙo ya taɓa inji. Na ce na sani, amma marar lafiya ne ya roƙa. Ya daɗe yana shafa kai, sannan ya ce in jira a fita sallar azahar.

Ɗakin yana da sanyi irin wanda ban taɓa ji ba, sanyi marar iska, da wata ƙara ƙasa-ƙasa da ba ta yankewa. Injin kansa yana bayan gilashi, kamar kabad-kabad na ƙarfe a jere. Abin da ake zama a gabansa ɗan akwati ne mai fuskar talabijin da maɓallai. Abokin ya nuna mini wata kujera ya ce nan ƙanena yake zama. Na zauna. Na duba hagu na ga CTRL a daidai inda murfin kwalba yake, na duba dama na ga RETURN. Maɓallan laushi gare su, kafin ka taɓa sun shiga.

Na yi bismilla na buga LOGIN da lambar. Ya tambayi kalmar sirri. Na buga, ba ta fito ba, kamar yadda aka gaya mini. Na danna RETURN.

Ɗigo bai fito ba. Wani gajeren layi na Turanci ya fito, da alamar tambaya a gabansa. Turancina ya isa in gane cewa bai yarda da abin da na ba shi ba.

Na ce ko hannuna ne. Na sake, da yatsa ɗaya, harafi bayan harafi. Layin nan ya sake fitowa.

Abokin ya ce daga bayana, "Yakan yi haka wani lokaci. Tun safe yake ba mu wahala."

Ban juya ba. Ina nan zaune sai ga wani mutum ya shigo daga masallaci, magidanci, gemunsa da sauran damshin alwala. Ya yi sallama, ya leƙa fuskar akwatin, ya ɗauka ni ma'aikaci ne daga wani sashe.

"Malam, ai lambata ce kake bugawa. Wani abu aka ce ka ɗauka a ciki? Bari in buɗe maka."

Ya sunkuyo ta kafaɗata ya buga lambar ƙanena, ya buga tasa kalmar. Ɗigo ya fito.

Na ce, "Na gode." Na buga DIR.

Sunaye suka taho suna hawa sama da gudu. Na danne CTRL na taɓa S, suka tsaya cak. Na karanta su ɗaya bayan ɗaya da yatsa a kan gilashi. Turanci ne da lambobi. Na sake su da Q, na sake tsayarwa, na karanta, har suka ƙare ɗigo ya dawo. Babu Gafasa, babu Balan, babu garinmu. Na buga LOGOUT na tashi na ba mutumin kujerarsa.

A nan ne abokin ya gaya masa ko ni wane ne. Mutumin ya rasa inda zai sa kansa. Ya riƙe hannuna ya ce wallahi bai sani ba, shi an ɗauke shi ne tun lokacin noman farko, an ce masa mai wurin ya tafi. Ya yi ta cewa Allah ya ba shi lafiya. Ban ga laifinsa ba a ranar, har yau ban gani ba. Aiki ya nema aka ba shi. Na tambayi abokin ko an ajiye ayyukan ƙanena a wani wuri kafin a share. Ya ce wataƙila an kwafe su a faifai, zai bincika. Na gane irin amsar.

Na iso Gaya rana ta yi sanyi. Inna tana zaure, da alama ta daɗe a wurin. Ta dubi fuskata, ba ta tambaye ni ba.

"Ka ce ba su bar ka ka shiga ba," ta ce. "Ko ka ce injin ya lalace. Wa zai ƙaryata ka?"

Na ce, "Inna, damina guda yana koya mini."

"Ni kuma wata tara na ɗauke shi."

Daga ciki na ji muryarsa, "Yaya ne?"

Yana zaune, ya sa an yi masa wanka, ya sa riga mai tsabta. Na zauna a bakin katifa. Bai ce mini sannu da hanya ba.

"Ka samu zama?"

"Na samu."

"Ɗigo ya fito?"

"Da kalmarka bai fito ba. Sau biyu na gwada."

"A hankali ka buga?"

"Na biyun da yatsa ɗaya."

Ya gyaɗa kai. Na gaya masa maganar mutumin da ya shigo, da yadda ya buɗe lambar da tasa kalmar. Na gaya masa na buga DIR.

"Ka tsayar ka karanta, ko wucewa suka yi?"

"Na tsayar. Na karanta har ƙasa."

"Ko ɗaya?"

"Ko ɗaya."

Ya dubi hannuwansa a kan cinya. Can ya ce, "Ka rufe kafin ka tashi?"

"Na rufe."

"To ka iya," ya ce. Ya kwanta ya juya wajen bango. Inna tana tsaye a ƙofa, ta ji komai. Ta saki labule ta koma madafa.

Bayan kwana kaɗan ya ce a mayar da shi Toranke. Na ce masa can babu mai allura, kuma ba a yanke allurar nan a tsakiya, likita ya faɗa. Ya ce ya sani. Na kawo liman ya yi masa magana, na kawo mai allurar da kansa. Ya saurare su da ladabi, da suka tafi ya sake cewa a mayar da shi. Na ce zan nema masa aiki a ofishinmu idan ya warke, ana neman masu sakandare. Ya ce, "Allah ya saka, Yaya." Bai ce to ba.

Inna ce ta yanke shawara. Ta ce tun da ɗakin ubansa yake so, a kai shi. Na ɗauki hayar a-kori-kura, muka shimfiɗa katifa a baya, ya kwanta kansa a cinyarta. Bayan mun wuce Ajingi ya ce a ɗaga shi ya ga gonaki. Ya yi ta tambayar wannan ta wane ce, waccan wa ya noma ta bana, Inna tana gaya masa. Ni ina riƙe da ƙarfen mota.

Na riƙa zuwa a keke duk ƙarshen mako da magungunan sha, na kuma roƙi wani mai allura ya riƙa leƙawa idan ya samu hanya. Wani makon ya je, wani makon bai je ba. Ƙanena bai sake maganar inji ba, ni ma ban tayar ba. Ya rasu ranar wata Alhamis da rana, ana cikin cirar gyaɗa, ina ofis a Gaya. Kafin ɗan aike ya same ni in iso, an riga an yi masa wanka.

Inna ba ta taɓa ce mini ni na jawo ba. Ba ta kuma taɓa ce mini ba ni ba ne. Ta rayu shekaru bayansa a gidana, muna gaisawa safe da yamma, ba mu taɓa komawa kan wannan magana ba.

Abokin aikin nasa ya zo ta'aziyya ranar sadakar bakwai. Ya kawo kofin shayinsa da wata rigar sanyi mai ruwan toka da suka samu a cikin durowa, wadda yake sawa saboda sanyin ɗakin. Ban san yana da ita ba, bai taɓa zuwa da ita gida ba. Inna ta karɓa ta wanke ta shanya. Da ta bushe ta ba wani tsoho mai kiwon awakin unguwa.